Rumbun Ɗan Azumi

A ƙauyen su Fatu, can gabas da Falanko inda yashi ya fi komai yawa, mace ba ta leƙa rumbun mijinta. Ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya faɗa mata haka. Da shi ta buɗe ido, kamar yadda ta buɗe ido ta tarar ba a cin tuwo da hagu. Rumbu na maigida ne. Shi ke jingina tsani, shi ke ɗaga murfin jinka, shi ke shiga ya fito da damin da za a ci. Mace ta sussuke, ta sheƙe, ta surfa, ta dama fura, amma ko geron da ke ciki ya kai wuya ko ya koma gindi, wannan tsakanin maigida ne da Ubangijinsa. Tsofaffi sukan ce idon mace yana kore albarkar rumbu. Fatu kuwa, wadda bakinta bai cika hutawa ba, takan ce maza ne dai ba sa son a ga ranar da suka kusa jin kunya. Duk da bakin nan nata, tun da aka kawo ta gidan Ɗan Azumi tana amarya har furfura ta cika mata kai, ƙafarta ba ta taɓa taka tsanin ba.

Ɗan Azumi mutum ne da ba a wasa da shi a kan hatsi. Shekarun da damina ta yi gardama, aka ga manyan magidanta suna layi a bankin cimaka, wurin da ake samun hatsin tallafi, da buhu a hammata, shi bai taɓa zuwa ba, kuma bai bari an manta da hakan ba. Geronsa ɗan Damargu ne na gado, mai saurin nuna, wanda ruwa kaɗan ke isa. Kafin a fara yanka yakan zaga gona shi kaɗai yana zaɓen zangarniya mai cika, ya haɗa dami guda ya ɗaure da jan ƙyalle, ya barbaɗe da toka saboda ƙwari, ya sa a rumbu inda shi kaɗai ya sani. Wannan shi ne iri. Na ci kuwa, tun da yara suka watse, matan suna gidajen mazansu, autansu Ilyasu yana aikin gini a Agadas, dami ɗaya ke isar su mako guda. Ranar Juma'a da hantsi yake fito da shi, ya dire a ƙofar madafa ya ce ga na Juma'a, sannan ya je ya yi wanka ya sa farar rigarsa.

Abin ya soma ne bayan kaka, wata Lahadi. Fatu tana tankaɗe sai ta ji dirin dami a bayanta, ta ji ya ce ga na Juma'a. Dariya ta taso mata. Har ta shirya tsokanar da za ta yi masa, don sun saba, ta juyo za ta tambaye shi ko baƙi za a yi daga Damagaram ne ba a gaya mata ba. Sai ta ga fuskarsa. Babu wasa a cikinta ko kaɗan. Fuskar mutum ce da ya sauke nauyinsa a kan lokaci, yana kakkaɓe ƙaiƙayi daga hannun riga. Dariyar ta koma ciki da kanta. Ta ce Allah ya ƙara albarka, kamar yadda ta saba cewa, da ya ba da baya ta ja damin ta kai ɗakinta ta tura ƙarƙashin gado.

Ta ce wa kanta gajiyar kaka ce. Wa ya taɓa tsufa bai rikita Lahadi da Litinin ba? Amma ranar Laraba ya sake kawowa, kuma wannan karon bai tsaya nan ba. Ya yi wanka, ya sa farar riga, ya nufi ƙofa zai je ya jira maƙwabcinsu Yahaya, wanda amalankensa ke kai su masallacin Juma'a a Falanko. Fatu ta sha gabansa da gudun da ta manta tana da shi. Ta ce kaji sun ɓata masa bayan riga, ya tuɓe ta wanke. Kafin rigar ta bushe ya manta da tafiyar, yana gindin bishiyar bedi yana tufka igiya. Daga ranar rigar nan ba ta ƙara ganin bushewa ba sai in Juma'ar gaske ta zo. Ta sha wanki a ranin nan har zarenta ya fara fitowa.

Ta koyi dabaru kala-kala, ita da ba ta iya ɓoye ko ciwon kai. Da asuba, tana miƙa masa buta, sai ta jefa sunan ranar cikin magana kamar ba da gangan ba: yau Talata, Rabi matar Yahaya za ta zo su yi sussuka, yau Alhamis, bari ta jiƙa wake. Shi kuma sai ya ɗauka ya riƙe, wani lokaci har la'asar, wani lokaci kafin rana ta take ta zube masa. Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne sauran duk yana nan. Karatun sallarsa bai ragu ba. Ya san kowace akuya da uwar da ta haife ta. In an zauna hira zai ba da labarin shekarar da fara ta cinye gonaki dalla-dalla, har da wanda ya yi kuka da wanda ya gudu Kano. Jiya da shekaranjiya ne kawai ba sa zama a kansa. Abubuwa da yawa sun ɓata a gidan nan ta nemo su, allura, mabuɗi, ɗan akuya, har Ilyasu sau ɗaya a kasuwa. Akuya in ta ɓata sawunta ake bi. Ta rasa ta inda ake bin sawun ranar da ta ɓace wa mutum, kuma ba ta da wanda za ta tambaya.

Ba don babu mutane ba, sai don ta ga yadda aka yi da Mailafiya, wani dattijon unguwarsu da gigin tsufa ya kama a shekarun baya. Ƴaƴansa ba mugaye ba ne, sun ciyar da shi sun tufatar. Amma ranar da suka tabbatar, babban ya zo ya ɗauke tsani daga gindin rumbu a gaban jama'a ya kai gidansa, aka shimfiɗa wa tsohon tabarma a inuwa. Daga nan in ya yi magana sai a ce to Baba, ana kallon wani wuri. Mutumin da ake gyara zama in ya shigo ya zama wanda ake gaisarwa a wuce. Bai ga wata kakar ba. Fatu ta tabbata ba tsufa ne ya kashe shi ba, kuma ta san mijinta ya fi Mailafiya girman kai nesa ba kusa ba. Ta ƙudura a ranta cewa muddin tana numfashi ba mai ɗauke tsanin Ɗan Azumi, kuma shi kansa ba zai sani ba.

Sau ɗaya ta kusa faɗa. Ranar kasuwar Falanko ta shiga wurin majo, mai kula da ɗakin shan magani, ta ce wani ɗan'uwanta ne ke rikita ranaku. Majo ya saurare ta da kyau, ya ce a kai shi Tanut a duba, amma bai ɓoye mata ba cewa irin wannan bai cika komawa baya ba. Abin yi shi ne a bi mutum a hankali, kada a kunyata shi. Tana fitowa, da yake waya na shiga a can, ta kira Ilyasu. Ta fara da cewa babansa ya ɗan soma mantuwa. Ba ta rufe baki ba yaron ya ce to ai sai a hana shi hawan rumbu, zai yi wa Baba Yahaya magana ya ɗauke tsanin tun bai faɗo ba. Ta ce a'a Auta, hularsa ce kawai ya manta inda ya ajiye, ta yi wata dariya da ita kanta ba ta yarda da ita ba, ta kashe wayar.

Dammuna kuwa sai taruwa suke. Ƙarƙashin gado ya cika, ta koma bayan jeren kwanoni ta rufe da tsohon bargo. Ɗakin ya ɗauki ƙanshin gero, ɓeraye suka samu labari, kaji suka mai da ƙofarta wurin zama. Rabi matar Yahaya, wadda ba abin da ke wuce idonta, ta ce ai kajin Yaya Fatu sun fi son ɗaki da akurki. Fatu ta ce tsufa ne, tsaba ke zube mata a hannu, kuma daga ranar ta daina barin kowa ya wuce labule. Duk lokacin da ta ji ƙarar tsani a jikin rumbu sai ta tsaya da muciya a hannu tana sauraron ƙafarsa, tana roƙon Allah ya sauko lafiya, kuma ya sauko ba komai a hannu. Abin da ya shigo wurinta dai ta san yana nan. Wanda ke hana ta sakat shi ne wanda ke fita ba ta gani, don rumbun yana bayan danga, kuma Ɗan Azumi bai taɓa iya sallamar mai roƙo hannu rabbana ba.

Amsar ta zo mata da bazara, a kan raƙumi. Rissa Ba'abzine ne daga wajen Tenhiya, abokin Ɗan Azumi tun suna samari. Kowace kaka yakan zo da gishiri da dabino da cuku ya karɓi gero, su zauna su sha shayi su yi ta musun da ba ya ƙarewa. Bana ma ya zo a kan lokacinsa, an yi musaya an rabu. Yanzu wucewa kawai yake zuwa rijiya ya tsaya gaisuwa. Fatu ta miƙa musu fura, ta ji dariyarsu daga ƙofar gida, hankalinta ya ɗan kwanta. Da aka kira la'asar Ɗan Azumi ya tafi masallaci, Rissa ya ce zai biyo shi in ya ɗaure raƙumi. Jim kaɗan ta ji ana sallama a hankali ta bayan danga, inda baƙo namiji ba ya zuwa.

Rissa ne, ya ja amawalin rawaninsa har ƙarƙashin ido, ya durƙusar da raƙumin yana kwance dammuna. Ya miƙo su ɗaya bayan ɗaya ta kan danga. Na ƙarshen ne ya riƙe da hannu biyu. Jan ƙyalle ne a ɗaure da shi, toka na zuba daga jikinsa.

"Uwargida," in ji shi, yana kallon ƙasa, "maigidanki ya ce mini wai jiya aka gama yanka, ga rabona. Ya tambaye ni lafiyar mahaifiyata. Alhali shi ya taya ni ranar da muka sa ta a ƙasa." Ya miƙo damin. "Ni ba manomi ba ne, amma na san ba a ba baƙo wannan."

Fatu ta karɓa. Ta buɗe baki za ta ce gajiya ce, za ta ce zafin rana ne, sai ta ga idon tsohon ya cika. Ta roƙe shi don Allah da zumuncin da ke tsakaninsu kada ya gaya wa kowa. Ya ce shi hanyarsa daji ce, ba shi da abokin hira sai raƙumi. Ya je ya yi salla kusa da abokinsa, ya wuce kafin magariba.

Irin gidan gaba ɗaya yana hannunta ke nan, kuma wurinsa ɗaya ne, wurin da ba ta da ikon zuwa. Ta yi tunanin hawa da kanta, har ta je ta dafa tsanin. Amma rumbunan unguwar a jere suke a fili, na Yahaya dab da nasu, ba a rasa mai wucewa. In aka ga matar Ɗan Azumi a kan tsani, kafin ta sauko an gama fassara. Ban da wannan ma ƙafar ta ƙi. Ita da take yi wa zancen kore albarka dariya, da ya zo gabanta sai ta rasa ƙarfin gwadawa. Ta nemi wata hanya, ta ajiye damin a gindin tsani da sassafe ko zai gani ya mayar. Ya gani kuwa. Ya ɗauko ya dire mata a ƙofar madafa ya ce ga na Juma'a, ko ƙyallen bai duba ba. Ranar ta shiga ɗaki ta yi kuka sosai, fuskarta cikin zane don kada a ji. Sannan ta naɗe damin a zanenta na salla ta ɗora can ƙuryar gado.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, ta yi ƙarfin hali wata rana tana zuba masa shayi ta ce ko ya duba iri. Ya ajiye kofin. Ya tambaye ta tun yaushe mace ke tambayar abin da ke cikin rumbu, ko ta taɓa kwana da yunwa a gidansa. Ta ce ba ta taɓa ba. Ya ce to.

Kowa a garin yana duban sama yana roƙon ruwa. Fatu ma tana cewa amin, amma hankalinta na kan damin da ke ƙuryar gadonta. A ƙasarsu ta Damargu ruwan shuka ba ya jiran kowa. Yashi na shanye danshi nan da nan, wanda bai shuka washegarin ruwa ba sai ya jira wani, wanin kuma ba wanda ya yi alkawarinsa. Ta shirya maganganu da yawa ta rushe. Ta ce shi ya ba ta ajiya? In ya ce yaushe, me za ta ce? Tana cikin wannan saƙa da warwara ruwan ya sauka, wata rana da azahar, mai ƙarfi, har kwari ya cika.

Da ya ɗauke Ɗan Azumi ya fita bayan gida ya tona yashi, danshi ya wuce masa tsintsiyar hannu har ya kusa gwiwar hannu. Ya dawo fuska a sake ya ce gobe shuka, ta wanke turmi. A yammacin nan kansa garau yake, kamar ƙanshin ƙasa ya mai da masa komai wurinsa, kuma wannan ne ya fi ba ta tsoro. Turame sun fara amsa wa juna a gidajen maƙwabta, kowa na sussukar iri. Ya jingina tsani, ya ɗaga murfi, ya shige.

Ya daɗe. Tana tsaye a bakin danga tana jin yana juya dammuna, da farko a hankali, daga baya da jifa. Sai shiru. Da ya ɗago kai ta bakin rumbun, ƙaiƙayi a gemunsa, ta ga fuskar da ba ta taɓa gani a wurinsa ba. Ya sauko ya ce an shiga rumbunsa. Babu iri, kuma geron da ya bari har kafaɗa ya koma gwiwa. Ya dubi rumbun Yahaya, ya dubi tsanin Yahaya mai tsawo ɗaya da nasa, ya ce dama ya lura mutumin nan na yawan zagaye a nan. Ya shiga gida ya ɗauki sandarsa ya ce wurin maigari za shi.

Fatu ta hango abin gaba ɗaya. Yahaya, wanda ke ɗaukarsu a amalanke bai taɓa karɓar ko goro ba, a tsugunne gaban maigari ana ce masa ɓarawo. Sannan waɗanda Ɗan Azumi ya ba gero za su tashi ɗaya bayan ɗaya don su wanke shi, wannan ya ce ni ya ba ni, wancan ya ce ni ma ya ba ni ya sake ba ni. Abin da ta yi rani guda tana rufewa zai fashe a bainar jama'a, shi yana tsaye a tsakiya da sanda. Ta riga shi ƙofa ta tsaya.

"Malam, ka zo ɗakina tukuna."

Ya ce ta ba shi hanya. Ba ta matsa ba. Tun da suke ba ta taɓa tare masa ƙofa ba, kuma mamakin haka ne ya sa ya bi ta. Ta ɗaga labule, ta janye bargo, ta yaye shimfiɗar gado. Dammuna ne ko'ina, har wani ɓera ya yi tsalle ya wuce ta tsakanin ƙafafunsa. Ta ɗauko ƙunshin zanen ta kwance a gabansa. Ya dubi jan ƙyallen, ya dube ta.

"Ke ce?" Muryarsa can ƙasa. "Fatu, ke kika hau mini rumbu?"

Mafita ce ta buɗe mata, ta gan ta sarai. In ta ce e, zai yi fushi, watakila ya yi kwanaki bai ci tuwonta ba, watakila ma ya manta kafin jibi. Shi zai ci gaba da zama Ɗan Azumi mai rumbu, ita ta zama tsohuwar da ta yi abin kunya. Da wannan kaɗai ne da ta ɗauka da gudu. Amma gero ya koma gwiwa, ga damina gaba ɗaya kafin a ga sabo, kuma gobe zai sake hawa ya sake bayarwa.

"Ƙafata ba ta taɓa taka tsaninka ba," ta ce. "Kai ka ba ni, Malam. Duk kai ka kawo."

Ta gaya masa. Ta faɗi Lahadin farko, ta faɗi rigar da kaji ba su taɓa ɓatawa ba, ta faɗi Rissa da zancen mahaifiyarsa. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Tana magana tana jira ya ƙaryata ta, ya daka mata tsawa, har so take ya yi. Bai yi ba. Ya zauna a bakin gado, sanda tsakanin gwiwoyinsa, yana shafa zangarniyar iri da babban yatsa. Can ya ce ya daɗe yana jin abin. Ya ce sau da yawa yakan tsinci kansa a cikin rumbu bai san abin da ya kai shi ba, ya tsaya a duhun yana jira ya tuna. In bai tuna ba sai ya ɗauki dami ya fito, don kada ta ga ya sauko ba komai ta yi tambaya. Ya tambaye ta su wa suka sani. Ta ce Rissa kaɗai. Ya ce, da waɗanda na ba.

Ya miƙe ya ce ta biyo shi. A gindin rumbu ya kama tsanin da hannu biyu ya ce ta hau. Ta ce mutane fa. Ya ce gara su gani yana riƙe da shi da hannunsa, da a zo wata rana a ɗauke yana kan tabarma. Ta hau, ta ji taɓaryar Rabi ta tsaya cak a gidan maƙwabta. Ta leƙa. Abin da aka yi shekaru ana hana ta gani ashe ɗan wuri ne mai duhu da yanar gizo, da tarin gero a can ƙasa, kaɗan ƙwarai. A gefe ga carbinsa da ƙaramar rediyonsa, waɗanda aka juye gida ana nema tun sanyi. Da ta sauko bai saki tsanin ba.

"Ki saurare ni da kyau, don ban san ko zan sake faɗa ba. Daga yau rumbun nan a hannunki yake. Ki mai da na ɗakinki, ki riƙa fitarwa da kanki. In gobe na hana ki, kada ki ji. Ko na yi faɗa, ko na rantse. Wannan da ke miki magana yanzu shi ne mijinki, shi za ki bi."

Ta ce to. Ta je ta sussuke irin kafin duhu, shi yana zaune kusa yana tsince tsabar da ta fantsama.

Washegari suka fita tare da kowa. Yana gaba da sungumi yana sara, layinsa miƙaƙƙe kamar ko yaushe, tana bayansa tana zuba iri tana rufewa da diddige. Hannunsa bai manta komai ba. Har ya juyo ya tsokane ta cewa tana zuba tsaba kamar ba ita ta sha wahalar ɓoye ta ba, ta yi dariya ta gaske, irin wadda ta daɗe ba ta yi ba. Ta fara sa rai. Ta ce a ranta wa ya sani, watakila ruwan nan ya zo da sauƙi.

Da rana ta take suka dawo, ya sha fura ya kwanta a gindin bedi. Fatu ta shiga ɗaki ta fara fitar da dammuna, don rufin ɗakin ya yi yoyo jiya. Ta jingina tsani ta ɗora dami a ka. Tana tsakiyar hawa ta ji an kira sunanta, da muryar da ba a kiranta da ita sai in ta yi babban laifi.

Yana tsaye a bakin danga cikin farar rigarsa, ga shi ba Juma'a ba ce. A hidimar jiya da yau ta manta ba ta jiƙa ta ba. Yahaya da Rabi, waɗanda ke dawowa daga gona, sun tsaya a kan hanya da sungumi a kafaɗa, sun rasa inda za su sa idonsu.

"Me kike yi a kan tsanina? Sauko. Yau Juma'a, ni zan fitar." Muryarsa cike da fushi da kunya. "Wa ya ba ki izini?"

Duk jikinta ya so ya sauko. Ƙafar da ta yi shekaru tana bin muryar nan har ta fara neman matakin ƙasa da kanta. Ta dube shi. Fuskar ce, gemun ne, hannun ne da ya riƙe mata tsanin nan jiya, kuma babu ko ɓurɓushin jiya a idonsa. Tausayinsa ya kama ta.

"Mijina ne ya ce in hau, Malam," ta ce.

Ta juya ta taka na gaba, dami a kanta, hawaye na bin kumatunta, shi kuma yana ƙasa yana ta kiran sunanta.